Wai rashin runguma ne ke jawo galahanga?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya ba ni amsar gaskiya, ba ta lallashi ba. Ɗana yana da galahanga, wato otizim, likitoci sun tabbatar. Jiya yayar mijina ta turo min wani bidiyo. Mai maganar yana cewa akwai wani sinadari a jiki mai suna oksitosin, shi ke ƙulla shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa, wai an auna an ga ya yi ƙaranci a jikin yaran da suka tashi a gidan marayu babu mai ɗaukarsu, haka kuma a jikin masu galahanga. Sai ta rubuto a ƙasa: "Kin gani ko, da kin zauna a gida." Saboda na koma aiki yana jariri. Ƙarshen bidiyon kuma tallan feshin hanci ne na wannan sinadarin. Ni na jawo masa? Kuma in nemi feshin?

Sista Ungozoma:
Wa alaikumus salam Maman Haidar. Kafin masana su iso, ta biyun ni zan amsa: kada ki saya. Oksitosin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne a cikin ruwan naƙuda, shi ne allurar da muke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Shi ke sa nono ya zubo idan jariri ya kama, har wata uwar daga jin kukan ɗanta sai ta ga gaban rigarta ya jiƙe. Magani ne mai ƙarfi, ɗigo-ɗigo muke ƙirga shi, kuma zafi na rage masa ƙarfi, shi ya sa a firji yake kwana. Wanda ake tallatawa a intanet kuwa ko abin da ke cikin kwalbar ba ki da tabbacinsa.

Abban Ilham:
Sista na yarda da batun feshi. Amma kada mu yi watsi da bidiyon don kawai ya yi mana ɗaci. Binciken gidan marayun nan gaskiya ne, na taɓa karanta shi. Yaran yanzu waya ke renonsu, uwa na gefe tana nata latse-latsen. Galahanga kuma sai ƙaruwa take yi. Ba da Maman Haidar nake ba, amma dole akwai alaƙa.

Malam Ɗan Bayoloji:
Abban Ilham, binciken gaskiya ne, sai dai mu faɗi abin da aka yi a cikinsa, don masu bidiyo rabinsa suke ɗauka. An buga shi a 2005, daga Jami'ar Wiskonsin a Amurka, Alison Wismer Fries da Seth Pollak da abokan aikinsu. Yara 18 ne da suka fara rayuwa a gidajen marayu na Rasha da Romaniya, daga baya iyalai a Amurka suka ɗauke su, aka kwatanta su da yara 21 da suka tashi a gaban iyayensu. Duk 'yan wajen shekara huɗu da rabi. Sai a zaunar da yaro a cinyar uwa ana wani wasa a kwamfuta, wasan yana ce musu su yi raɗa a kunne, su yi cakulkuli, su shafa kai. Wata ranar kuma a maimaita da wata mace da yaron bai sani ba. Bayan nan a karɓi fitsarin yaron a auna.

Yaran gida, oksitosin ɗinsu ya tashi bayan zama a cinyar uwa. Na gidan marayu bai tashi haka ba, alhali sun yi kusan shekara uku a hannun sababbin iyayen. Wani sinadarin ɗan uwansa kuma, basofiresin, an same shi ƙasa a jikinsu.

To ku lura: babu mai galahanga da aka je nema a wannan binciken. Kan sakaci aka yi shi, kuma yara 39 ne kacal.

Likitar Yara:
Maman Haidar, amsar tambayarki ta farko a'a ce, kuma ba lallashi ba ne. Maganar da yayar mijinki ta faɗa miki ta girme mu duka, likitoci ne ma suka fara yaɗa ta, abin kunya. Leo Kanner, wanda ya bayyana galahanga a 1943 daga yara 11 da ya duba, ya rubuta cewa iyayensu ba su da sakin fuska ga 'ya'yansu. Bruno Bettelheim ya ɗauki zancen ya kai shi ƙololuwa a shekarun 1960, ya ce sanyin zuciyar uwa ne ke korar yaro cikin kansa. Mata da yawa sun rayu da wannan tabon har suka mutu. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi ma ɗansa ke da lalurar, shi ya fito a 1964 ya ce daga ƙwaƙwalwa abin yake. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye a Birtaniya waɗanda aƙalla ɗaya daga cikinsu ke da galahanga. Cikin tagwaye 11 'yan ƙwai ɗaya, an samu 4 da duka biyun ke da galahanga. Cikin 10 da ba 'yan ƙwai ɗaya ba, babu ko ɗaya. Uwa ɗaya, goyo ɗaya, nono ɗaya. A 2019 an haɗa bayanan mutum kusan miliyan 2 daga ƙasashe biyar, aka ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na bambancin haɗarin daga gado yake.

Batun ƙaruwa da Abban Ilham ya kawo kuwa, babban kaso na ƙaruwar daga faɗaɗa ma'aunin ganewa ne da kuma yawan dubawa. Yaron da a da za a ce miskili ne ko wawa, yanzu ana gane abin da ke damunsa.

Abban Ilham:
Likita, da girmamawa, shi wannan Rutter ɗin da kika ambata ai shi ne ya ce yaran Romaniya sun nuna alamun galahanga. Ke nan sakaci yana iya kawo ta. Ko kuwa?

Likitar Yara:
Madalla da ka kawo wannan, nan ne wurin da ya cancanci a tsaya. A 1966 gwamnatin Ceaușescu ta Romaniya ta haramta zubar da ciki tana neman yawan jama'a, talauci kuma ya sa iyaye suka riƙa miƙa 'ya'ya ga hukuma. Da gwamnatin ta faɗi a Disambar 1989, sai duniya ta ga yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Jarirai a jere a gadajen ƙarfe, a jingina musu kwalbar madara a wuce, babu mai yi musu magana, babu abin wasa, wasu ɗakunan shiru kake ji domin yaran sun daina kuka tunda kuka ba ya kawo kowa. Wannan ne sakacin da ake magana a kai. Ba uwar da ta tafi aiki ta bar ɗanta hannun mai kula da shi ta dawo da yamma ba.

A rahoton Rutter na 1999, cikin yara 111 da iyalai a Birtaniya suka ɗauka, kashi 6 cikin 100 sun nuna abin da ya yi kama da galahanga, wasu kashi 6 kuma alamu marasa ƙarfi. Amma shi da kansa bai kira ta galahanga kai tsaye ba, ya ce mai kama da ita ce, saboda bambancin da ya gani. Yaran sun samu sauƙi sosai tsakanin shekara 4 zuwa 6. Maza da mata kusan daidai suke, alhali galahangar da muka sani ta fi yawa a maza nesa ba kusa ba. Da aka ci gaba da bibiyarsu kuma, waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida a gidan marayu kusan ba su bambanta da sauran yara ba.

Ka duba lissafin ta ɗaya fuskar. A cikin mafi munin sakacin da aka taɓa nazari a kai, kusan tara cikin goma na yaran ba su nuna wannan alamar ba ko kaɗan.

Yaya Mai Reno:
Likita ki ba ni dama in sa baki, na daɗe ina aiki da yaran da aka tsinta ko aka ƙwace daga hannun masu azabtar da su. Daga nesa za ka rantse iri ɗaya ne da masu galahanga: yaro na zaune yana rausaya gaba da baya, ba ya kallon ido, magana ta makara. Sai ka zauna da su za ka ga bambanci. Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. Duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ta ruga ta riƙe masa hannu ta haye jikinsa, in zai tafi ta bi shi har ƙofa ba ta ko waiwayo mu. Wadda ke kwana da ita kullum kuwa, in ta faɗi ta ji ciwo ba ta zuwa wurinta. Tana ɓoye abinci a ƙarƙashin filo. Yaron da ke da galahanga da na riƙe a lokaci guda akasin haka yake: baƙo bai dame shi ba, amma ya san tasa. In hayaniya ta yi yawa sai ya zo ya jingina bayansa da ƙafata, ba ya kallona, amma wurina ya zo.

Likitar Yara:
Yaya kin gama magana. Abin da kika gani a yarinyar yana da nasa suna a littafin likitocin ƙwaƙwalwa, matsalar shaƙuwa ce da sakaci ke haifarwa, kuma kala biyu ce: mai bin kowa, da mai ƙin neman lallashi wurin kowa. A kala ta biyun ƙa'ida ma ta ce sai an tabbatar ba galahanga ba ce kafin a rubuta ta. Yawancin yara masu galahanga suna shaƙuwa da iyayensu, yadda suke nunawa ne daban.

Abban Ilham:
To na ji. Amma ku ma ku yarda reno yana taɓa wannan sinadarin. Kada a fita daga nan a ce runguma banza ce.

Malam Ɗan Bayoloji:
Babu wanda ya ce haka. A ɓeraye an nuna shi ƙarara. Michael Meaney da ɗalibansa a Jami'ar McGill ta Kanada sun ga cewa uwar da ke yawan lasar 'ya'yanta, 'ya'yan kan tashi ba su da saurin firgita, matan cikinsu kuma su zama masu yawan lasar nasu, da ƙarin makarɓar oksitosin, wato wurin da sinadarin ke maƙalewa ya yi aiki, a wasu sassan ƙwaƙwalwa. Da aka musanya jarirai tsakanin uwaye, halin wadda ta rene su suka ɗauka. A mutane kuma aikin da Nelson da Fox da Zeanah suka yi a Bukares, babban birnin Romaniya, wanda ya fara a 2000, ya raba yara 136 ta hanyar ƙuri'a, rabi aka kai su hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama a gidan marayu. Waɗanda aka kai gida sun fi a basira da shaƙuwa, musamman in an kai su kafin shekara biyu.

Ga wani da zai yi wa Maman Haidar daɗi. Ɗakin binciken Pollak ɗin nan dai, a 2010, sun sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙi don hankalinsu ya tashi. Wasu uwa ta zo ta rungume su, wasu ta kira su a waya, wasu aka kunna musu fim. Waɗanda suka ji muryar uwa a waya, oksitosin ɗinsu ya tashi kusan kamar na waɗanda aka runguma. Da aka gwada da saƙon rubutu daga baya, bai yi ba.

Maman Haidar:
Allah ya saka da alheri, wallahi na ji sanyi. To ɓangaren da ya ce masu galahanga suna da ƙarancinsa fa?

Malam Ɗan Bayoloji:
Wannan ya samo asali daga wani ƙaramin bincike na 1998 da ya ga haka a jinin yara. A 2014 Karen Parker ta Jami'ar Stanford ta auna yara 193: masu galahanga, 'yan uwansu na jini, da wasu yaran daban. Babu bambanci tsakanin rukunonin. A kowane rukuni akwai mai yawa akwai mai kaɗan. Sannan auna shi kansa rigima ce. Mintoci kaɗan yake yi a jini, na jini ba lallai ya nuna na ƙwaƙwalwa ba, kuma in ba a tace jinin kafin a auna ba ana iya samun lambar da ta ninka ta gaskiya sau goma ko fiye. Dakunan bincike biyu su auna jini ɗaya su ba ka amsa biyu.

Feshin kuma an gwada shi, ba a tsaya a zato ba. Gwaje-gwajen farko, wajen 2010, mutum 13 ne, mutum 16 ne, fesawa sau ɗaya, aka ga ɗan ci gaba wajen gane yanayin fuska. Jaridu suka ɗauka. Sai a 2021 aka buga babban gwajin da Linmarie Sikich ta jagoranta a Amurka: yara 290 daga shekara 3 zuwa 17, mako 24, rabi ana fesa musu oksitosin, rabi feshin da babu magani a ciki, ba iyaye ba likita babu wanda ya san wanne ne wanne. Duka rukunonin biyu iyaye sun ce an ɗan samu sauƙi, kuma sauƙin daidai yake. A Japan ma an gwada manya maza sama da 100 na mako shida, a babban abin da aka sa a gaba ba a ga bambanci da feshin da babu magani ba.

Riƙe wannan na rukunin da babu magani ɗin. Shi ne bayanin duk shaidun da za ki gani a ƙarƙashin bidiyon talla, masu cewa ɗana ya canza cikin mako biyu. Ba ƙarya suke yi ba. Uwa ta sa rai, ta ƙara lura, ta ƙara zama da yaron, yaron kuma dama girma yake yi.

Sista Ungozoma:
Malam, shin yana ma kaiwa ƙwaƙwalwar ta hanci?

Malam Ɗan Bayoloji:
Ɗan mitsitsi. Gareth Leng da Mike Ludwig na Jami'ar Edinbara sun yi lissafi a 2016, abin da ke kaiwa bai kusa da kashi 1 cikin 100 na abin da aka fesa ba. Wasu masanan suna jayayya cewa kaɗan ɗin ya isa. Har yau ana wannan muhawarar.

Abban Ilham:
To ina aka samo duk wannan suna na sinadarin soyayya?

Malam Ɗan Bayoloji:
Daga wasu ɓerayen daji na Amurka. Akwai na fili, namiji da mace sukan zauna tare su reni 'ya'ya tare. Akwai na tsauni, kowa ya gama ya kama gabansa. Thomas Insel da abokan aikinsa suka gano cewa wurin da makarɓar oksitosin da basofiresin suke a ƙwaƙwalwa ya bambanta tsakaninsu. A 2004 ma aka ƙara makarɓar basofiresin a ƙwaƙwalwar namijin wani nau'in da ba ya zama da mace ɗaya, sai ga shi ya fara fifita guda. Labari mai daɗi. Sai 2023 masu bincike a Kalifoniya suka cire makarɓar oksitosin gaba ɗaya daga na filin tun suna ƙwai. Suka tashi, suka zaɓi abokan zama, suka haihu, suka shayar, sai dai 'ya'yan da suka kai yaye sun ragu. A mutane kuma shahararren gwajin Zurik na 2005, wanda ya ce feshin yana ƙara yarda da mutane wajen ba da kuɗi, an maimaita shi da mutane da yawa a 2020 bai fito ba. Wasu gwaje-gwajen ma cewa suka yi yana ƙara hassada da fifita naka a kan bare. Ni a ganina sunan ya yi masa yawa tun farko.

Ɗan Shiru:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni mai galahanga ne, babba, ina aiki. Abin da ke ci min rai a irin wannan zancen shi ne yadda ake fara shi da cewa ba mu da shaƙuwa, sai a nemo sinadarin da za a zuba mana. Ina son mahaifiyata fiye da yadda zan iya faɗa. Runguma ce ba na so, tana min kamar an ɗaure ni, kuma kallon ido yana hana ni jin abin da ake faɗa. Da ina yaro an sha cewa ba ta rene ni da kyau ba, a gabana ake faɗa, ana zaton ba na ganewa. Abban Ilham, ka ce ba da Maman Haidar kake ba, amma ita ce a nan, ita ta karanta.

Abban Ilham:
Ɗan uwa na ji ka. Amma har yanzu ina kan bakana game da waya, yaro na buƙatar a yi masa magana.

Likitar Yara:
Kowane yaro na buƙata, mai galahanga da marar ita, kuma yawan allo yana tafiya da jinkirin magana. Sai dai wanne ya riga wanne? Yaron da hayaniyar mutane ke takura wa ya fi natsuwa da allo, uwar da ta gaji kuma ta ga nan ne kaɗai yake shiru. Sai mai kallo daga waje ya ce allon ne ya mai da shi haka.

Amarya Sabuwa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Cikina wata takwas, an ce mai yiwuwa a sa min ruwan naƙuda. Wata ta ce min shi ke jawo galahanga, wai yana rikita na jaririn. Yanzu kuma na ji Sista ta ce sinadarin ɗaya ne, gabana ya faɗi.

Sista Ungozoma:
Ƙanwata kwantar da hankalinki. A 2013 wani bincike a Amurka ya ga alaƙa tsakanin tayar da naƙuda da galahanga, daga nan zancen ya bazu. A 2016 aka duba haihuwa fiye da miliyan 1.3 a Suwidin. Da farko alaƙar ta bayyana, amma da aka kwatanta 'yan uwa uwa ɗaya, wannan an tayar da naƙudarsa wannan ba a tayar ba, sai ta ɓace. Ba a sa wa mace ruwan naƙuda don nishaɗi, akwai dalili: hawan jini, ciki ya wuce lokaci, faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba. In kin ƙi, waɗannan ne haɗarin da ke gabanki. Ki tambayi likitarki dalilin naki.

Abban Ilham:
Malam, shi basofiresin ɗin fa? Na ga kamar shi ya fi fitowa a binciken marayun.

Malam Ɗan Bayoloji:
Shi ne ma ya fi jan hankalina yanzu. Aikinsa da aka fi sani shi ne riƙe ruwa a ƙoda, kuma tubali biyu kawai cikin tara ya raba shi da oksitosin. Ƙungiyar Parker ta same shi ƙasa a ruwan laka na birai marasa son cuɗanya, sannan a na yara masu galahanga. A 2019 ta gwada feshinsa a yara 30 na mako huɗu, aka ga ci gaba. Abin mamaki, a shekarar nan dai kamfanin Roche ya fitar da sakamakon wani magani, balovaptan, wanda aikinsa toshe makarɓar basofiresin ne, shi ma da alamun ci gaba. Wannan ya ƙara, wancan ya toshe, kowa ya ce ya ga haske. Da Roche ya kai nasa babban gwaji, a 2020 ya dakatar don babu alamar zai yi aiki. Yara 30 kuma ka tuna da 13 da 16 na oksitosin.

Likitar Yara:
Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je neman feshin basofiresin ko danginsa da ake ba masu fitsarin kwance. Yana tara ruwa a jiki, gishirin jini ya faɗi, yaro ya kama jijjiga. Na ga an kawo irinsu.

Maman Haidar, shekarunsa nawa, kuma an haɗa ku da mai koyar da magana? An duba jinsa? Ki min magana ta akwatin sirri, akwai abubuwan da zan tambaye ki kan barcinsa.